Wa ya san yawan kifin da ya rage a cikin ruwa?

Ranar 2 ga Yulin 1992 gwamnatin Kanada ta hana kamun kifin kod a tekun da ke gabas da Niyufanlan da Labrado. Mutane wajen 30,000 suka wayi gari babu sana'a, a wurin da aka yi kusan shekara 500 ana su. An ce hanin na shekara biyu ne, sai ga shi ya kai shekara 32. Da aka sake buɗewa a 2024, tan 18,000 kacal aka yarda a kama, alhali a 1968 an kwashi sama da tan 800,000 cikin shekara ɗaya. Abin da ya sa masu nazarin kifi ba su daina tauna wannan labari ba shi ne, a ƙasar da ke da masana ya faru. Kanada tana da jiragen bincike, tana da ɗakunan gwaje-gwaje, kuma kowace shekara ƙwararrunta suna fitar da lissafin kifin da ke cikin ruwa. Lissafin ne ya yaudare su.

Ga yadda aka yi. Ɗaya daga cikin ma'aunan da aka dogara da su shi ne yawan abin da manyan jirage ke kamawa a duk sa'ar da suka ja taru. A hankalce, idan kifi ya ragu, abin da taru ke ɗaukowa ma zai ragu. Amma kod kifi ne mai tafiya a gungu. Da yawansa ya yi ƙasa, ragowar sai suka riƙa cunkusuwa a wurare kaɗan, su kuwa jiragen suna da na'urorin da ke nuna musu inda gungun yake. Sai ya zama taru yana fitowa a cike, sauran tekun kuma ya zama kango. Ƙananan masunta na bakin gaɓa sun yi ta kuka tun tsakiyar shekarun 1980 cewa kifi ya yi ƙaranci, wanda ake samu ma ƙanana ne. Ba a ɗauki maganarsu da nauyi ba, don ba ta zo a rubuce cikin jadawali ba. Da masanan suka gano kuskurensu, suka ba da shawarar kada kamun 1989 ya wuce tan 125,000. Gwamnati ta sa 235,000, saboda tsoron abin da ragi mai yawa zai yi wa garuruwan masunta. Wato kuskure biyu ne suka haɗu: na masu awo, da na masu yanke hukunci. Kusan duk ci gaban da aka samu a wannan fanni tun daga lokacin, ƙoƙari ne na toshe ɗaya daga cikin kafofin nan biyu.

Shi kansa tunanin cewa kifin teku yana iya ƙarewa bai daɗe ba. A 1883, a wani babban baje kolin harkar su da aka yi a Landan, masanin halittu Thomas Huxley ya bayyana ra'ayinsa cewa manyan kifayen teku irin su kod da herin sun fi ƙarfin duk abin da ɗan Adam zai iya kamawa. Idan aka dubi jiragen filafilai na zamaninsa, maganar ba wauta ba ce. Sai dai a daidai lokacin ne jirage masu injin tururi suka fara jan taru a Tekun Arewa, wanda ke tsakanin Birtaniya da arewacin Turai, kuma ba a jima ba masunta suka fara ƙorafi. Wannan damuwa ce ta sa ƙasashen arewacin Turai suka kafa majalisar binciken teku ta ICES a Kofanhagan a 1902, wadda har yau ita ke ba su shawara kan adadin da za a kama. Hujjar da ta rufe bakin kowa kuwa, yaƙi ne ya kawo ta. A yaƙin duniya na ɗaya da na biyu jiragen su sun daina fita Tekun Arewa na wasu shekaru, kuma duk sau biyun da aka koma, sai aka tarar kifi ya ƙaru, ya kuma yi girma. Babu masanin da zai iya shirya gwaji irin wannan da kansa.

Daga nan aka shiga neman ƙa'ida. A 1957 Ray Beverton da Sidney Holt, waɗanda suka yi aikinsu a tashar bincike ta Lowestoft a Ingila, suka fitar da lissafin da ya haɗa abubuwa huɗu: yawan 'ya'yan da ke shigowa, saurin girmansu, yawan da ke mutuwa da kansu, da yawan da taru ke ɗauka. Manufar a sauƙaƙe kamar ta ɗan kasuwa ce da uwar kuɗi da riba: manyan kifaye masu saka ƙwai su ne uwar kuɗin, abin da suke ƙarawa duk shekara shi ne ribar, kuma wanda ya fara cin uwar kuɗi zai ga kamar kasuwa ta buɗe masa, har ranar da ya duba ya ga wayam. Abin da zai ba mutum mamaki a lissafin shi ne, ruwan da ba a taɓa kamun kifi a cikinsa ba, ribarsa kaɗan ce, domin kifin ya cika, abinci ya yi kaɗan, girma ya tsaya. Riba ta fi yawa idan aka rage su zuwa wani matsakaicin mataki. Aka ɗauki wannan mataki ya zama abin da ake hari, har ya shiga yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982. Matsalarsa ita ce yana zaune ne a bakin rami. Idan awonka ya karkace kaɗan, ka riga ka wuce shi ba ka sani ba. Shi ya sa a yau masana da yawa suke ɗaukar wannan adadi a matsayin iyakar da ba a so a kusanta, maimakon wurin da ake so a tsaya.

To, ta yaya ake awon idan ba za a yarda da tarun ɗan kasuwa ba? Hanya ta farko ita ce jirgin bincike ya yi abin da babu masuncin da ke da hankali zai yi: ya ja taru a wuraren da aka zaɓa da ƙuri'a, ko da an san babu kifi a wurin, da taru iri ɗaya, da gudu iri ɗaya, na tsawon mintoci iri ɗaya, a wata ɗaya na kowace shekara. Tarun da ya fito babu komai, shi ma bayani ne. Darajar wannan aiki tana cikin rashin canzawarsa, kuma a nan ne yake da rauni, don ranar da aka sauya jirgi ko aka tsallake shekara biyu saboda kasafin kuɗi bai fito ba, an yanke igiyar da ke haɗa bana da shekarun baya. Hanya ta biyu ta sauti ce. Jirgi yana aika ƙara zuwa ƙasa, jakar iskar da ke cikin kifi tana mayar da ita, daga ƙarfin amsar sai a ƙiyasta nauyin gungun. Wannan ta fi dacewa da ƙananan kifaye masu yawo a tsakiyar ruwa, irin su sadin da herin. Da irin wannan na'ura ce jiragen bincike masu suna Dr. Fridtjof Nansen, waɗanda Norwe da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ke tafiyarwa tun 1975, suka auna kifin gaɓar ƙasashe da dama na Afirka da Asiya waɗanda ba su da jiragen kansu.

Sanin nauyi kaɗai bai isa ba, sai an san shekaru. A cikin kan kifi, ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, akwai wasu 'yan duwatsu farare da yake ji da daidaita jikinsa da su. A yawancin kifaye ba su wuce girman farce ba. Mai bincike zai tsaga kan, ya zaro su da hantsaki, ya wanke, ya yanka siririn yanki, ya ɗora a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Zai ga zobe a kan zobe, mai haske da mai duhu, domin girman kifi yana sauri a wani lokaci na shekara, yana ja baya a wani. Kowane zobe biyu shekara ɗaya ke nan. Aiki ne na haƙuri. Akwai mutanen da suka ƙare rayuwar aikinsu suna ƙirga waɗannan zobba dubu-dubu, kuma akan ba mutum biyu dutse ɗaya don a ga ko za su yi daidai. Har gwaje-gwajen makaman nukiliya na shekarun 1950 da 1960 sun yi wa fannin rana ba da niyya ba: sun bar wata alamar sinadari a ruwan teku, alamar ta shiga duwatsun kifayen da aka ƙyanƙyashe a lokacin, ta zama hatimin da ake gwada ingancin ƙirgar da shi.

Amfanin wannan wahala ya fito fili tun 1914, lokacin da Johan Hjort na Norwe ya yi amfani da zobban da ke jikin ɓawon herin ya nuna cewa kifin da aka ƙyanƙyashe a shekara ɗaya tak, 1904, shi ya mamaye kamun shekaru da dama. Ashe yalwa da ƙarancin da masunta ke ɗora wa ƙaurar kifi, yawanci daga sa'ar ƙyanƙyasa suke: wata shekarar 'ya'ya su rayu da yawa, wata shekarar su mutu tun suna 'yan mitsi-mitsi. Illar rashin sanin shekaru kuma an gan ta a kan wani jan kifi na can ƙasan teku da aka fara kamawa da yawa a Niyu Zilan a ƙarshen shekarun 1970, daga baya a Ostareliya. An yi masa lissafi kamar kifin da ke girma da wuri. Daga baya aka gano yana wuce shekara 100 a duniya, kuma ba ya fara hayayyafa sai ya kusa shekara 30. Kafin wannan sani ya iso, an riga an kwashe mafi yawansa a wurare da dama.

Akwai kuma wata sabuwar dabara da ta burge ni, wadda masanan Ostareliya suka gwada a kan kifin tuna na kudancin duniya. Suna ɗaukar ɗan nama daga manyan kifayen da aka kama a wurin saka ƙwai kusa da Indunusiya, da kuma daga ƙananan da aka kama a kudancin Ostareliya, sai su duba ƙwayoyin gado su ga sau nawa za a dace da uwa ko uba da ɗa. Idan manyan kifaye kaɗan ne a teku, za a yawaita dacewa. Idan suna da yawa, zai yi wuya. Ba a buƙatar a tambayi kowane jirgi abin da ya kama, balle a yi zargin ya ɓoye.

Duk da haka, taru ba shi kaɗai ke kashe kifi ba. A 1970 Peru ta kama sama da tan miliyan 12 na wani ɗan ƙaramin kifi mai suna ancobeta, ita ce kan gaba a duniya a lokacin. A 1972 yanayin El Nino ya zo, ruwan gaɓar ya yi ɗumi, ruwan sanyi mai ɗauke da abinci ya daina tasowa daga ƙasa, kuma a 1973 kamun bai kai tan miliyan 2 ba. An daɗe ana gardama kan ko yanayi ne ko yawan kamu, amsar da ta fi kama hankali ita ce su biyun: kifin da aka riga aka tatsa ba shi da ƙarfin jure mummunar shekara. Abin koyi shi ne yadda ƙasar ta sauya salo. Cibiyar binciken tekunta, IMARPE, tana fita awo da sauti kafin kowane zangon kamu, a kan wannan awo ake yanke adadi, kuma idan ƙananan da ba su kai santimita 12 ba suka yi yawa a cikin taru, ana rufe yankin cikin 'yan kwanaki. A 2023, da El Nino ya sake zuwa, an soke zangon farko na babban yankin kamu ɗungurungum. Kifin da rayuwarsa ba ta wuce shekara uku ko huɗu ba, ba a yi masa lissafin da zai jira taron shekara mai zuwa.

Idan aka ɗaga kai aka dubi duniya gaba ɗaya, rahoton FAO na 2024 ya ce a 2021 kashi 37.7 cikin 100 na rukunonin kifin teku da ake bibiya ana kama su fiye da ƙima. A 1974 kashi 10 ne. Amma rahoton ya kuma ce kusan kashi 77 na nauyin da ake saukewa daga waɗannan rukunoni yana fitowa ne daga masu lafiya. Alkaluman biyu ba sa karo da juna: manyan rukunonin da ke kawo kuɗi su aka fi sa wa ido, su kuma suka fi samun sauƙi. A kan wannan batu aka yi wata gardama mai zafi. A 2006 wata tawaga ƙarƙashin Boris Worm ta fitar da nazarin da jaridu suka yayata da cewa kifin teku zai durƙushe a 2048. Ray Hilborn da wasu suka ce an maimaita kuskuren ɗaukar abin da aka kama a matsayin abin da ke cikin ruwa, don kamu yana iya raguwa saboda doka ta rage shi. Abin yabo, ɓangarorin biyu suka zauna suka haɗa bayanansu, suka fitar da nazari ɗaya a 2009. Wani nazarin da Hilborn ya jagoranta a 2020 ya nuna cewa inda ake awo sosai kuma ake bin doka, kifi a jimlace yana farfaɗowa. Sai dai wuraren da ake irin wannan awo kusan rabin kamun duniya kawai suke bayarwa.

Ɗaya rabin shi ne abin da ya fi damuna, kuma shi ne aka fi yi wa shiru. Nazarin da FAO da jami'ar Duke da cibiyar WorldFish suka fitar a 2023 ya ƙiyasta cewa ƙananan masunta suna kawo aƙalla kashi 40 cikin 100 na kamun duniya, kuma su ne kusan kashi 90 na masu aiki a harkar. Su ba tashar jirgi ɗaya suke saukewa ba da za a ajiye ma'aikaci da sikeli. Dubban bakin ruwa ne, da asuba da tsakar dare, taru ɗaya ya fito da kifi iri 20, wani a sayar, wani a kai gida. Daniel Pauly da Dirk Zeller sun bi ƙasa-ƙasa suna cike giɓin, a 2016 suka ce ainihin kamun teku daga 1950 zuwa 2010 ya zarce abin da aka kai rahoto da kusan rabi. Na koguna da tafkuna ya fi ɓacewa: wani nazari na 2018 ya bi ta bayan gida, ya duba yawan kifin da iyalai suka ce suna ci a ƙasashe 42, ya ga cewa kamun ruwan daɗi ya fi abin da ke rubuce da kusan kashi 65. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ranar da za a yanke shawarar gina madatsar ruwa a kan kogi, wutar lantarki tana da adadi a takarda, kifin da ba a taɓa ƙirgawa ba kuwa sifiri ne.

Ga irin waɗannan wurare, kwaikwayon tsarin Tekun Arewa ɓata kuɗi ne. Abin da ke aiki ya fi arha: allon awo da littafi. Idan aka riƙa auna tsawon kifin da ake saukewa a kai a kai, aka kuma tsaga ciki aka san tsawon da yake fara ɗaukar ƙwai, ana iya gane ko ana kama shi kafin ya hayayyafa ko da sau ɗaya, daga nan kuma a san girman idon ragar da ya dace. Sannan ga sanin masunta kansu. Robert Johannes, wanda ya zauna da masuntan tsibiran Palau a shekarun 1970, ya tarar sun san wurin da kifaye iri-iri ke taruwa don saka ƙwai da kwanan watan da suke yin haka, abin da babu shi a littattafan masana na lokacin. Rufe wuri ɗaya na 'yan kwanaki a wata ya fi sauƙin tsarewa fiye da adadin tan da babu mai iya aunawa.

Kiwon kifi wata duniya ce daban. A 2022, a karon farko, abin da aka kiwata na dabbobin ruwa, tan miliyan 94.4, ya zarce abin da aka kamo, tan miliyan 91, kuma kusan kashi 90 na kiwon a Asiya ake yinsa. A nan kifin yana da mai shi, ana ganinsa, ana iya ƙirga shi, don haka tambayar bincike ta koma yadda za a sa ya yi girma da wuri, ya ci kaɗan, kada ya mutu. Ƙofar farko da aka buɗe ita ce ta iri. Sinawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna kiwon wasu manyan kifayen kogi da ake kira kaf, amma kifayen ba sa saka ƙwai a tafkin kiwo, sai dai a je kogi a kamo 'ya'yan. A shekarun 1930 masana a Burazil suka gano cewa idan aka niƙa wata 'yar ƙwaya da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar kifi aka yi wa uwa allura da ita, za ta saki ƙwai. Indiya ta yi nasara da nata kifayen a 1957, Sin a 1958. Ba don wannan allura ba, da alkaluman da ke sama ba su samu ba.

Ƙofa ta biyu zaɓen iri ce. Norwe ta fara da kifin salmon a farkon shekarun 1970. A 1988 aka ɗauki dabarar aka gwada a kan karfasa a Filifin: aka tara iri takwas, huɗu na daji daga Masar da Gana da Kenya da Senegal, huɗu daga gonakin Asiya, aka riƙa zaɓen dangin da suka fi saurin girma. Bayan zuriya biyar, an ba da rahoton ƙarin saurin girma na kusan kashi 85 cikin 100, kuma wannan iri mai suna GIFT ya bazu a gonakin Asiya. Sai maganin cuta. A 1987 masu kiwon salmon a Norwe sun yi amfani da kusan tan 50 na magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Da allurar rigakafi ta samu a shekarun 1990, wadda ake yi wa kowane ɗan kifi ɗaya bayan ɗaya kafin a kai shi kejin teku, amfani da magungunan ya faɗi da kusan kashi 99, alhali yawan kifin ya ninka sau da yawa. Abinci ma an taɓa shi: a 1990 kusan kashi 90 na abincin salmon a Norwe garin kifi ne da man kifi, yanzu bai kai kashi 30 ba, waken soya da man tsirrai sun maye gurbi. Ribar ba ta zo kyauta ba, don man nan mai amfani ga zuciya da ake yabon kifin saboda shi ya ragu a namansa.

Ka lura, duk waɗannan bincike ne da mai gona zai biya da murna, domin amfaninsu aljihunsa yake shiga. Wanda ba ya samun mai biya shi ne na abin da ya shafi kowa: ruwan da ake tarayya a kai. Mai tafkin kiwo ya san lokacin da ya fi hatsari, wato gab da asuba. Da rana gansakukar ruwa tana samar da iskar oksijin, da dare ita da kifin da ruɓaɓɓen abincin da ya kwanta a ƙasa duk shaƙa suke yi, sai a wayi gari kifi ya taso sama yana buɗe baki. Daga sinadarin naitirojin da ke cikin abincin da aka zuba, abin da ke zama nama bai fi kashi ɗaya cikin uku ba, sauran a ruwa yake ƙarewa. A tafkin mutum ɗaya wannan matsalarsa ce. A babban tafki ko mashigin teku mai keji ɗaruruwa, kowa yana ganin nasa kejin bai isa ya ɓata ruwa ba, har daren da iska ta ƙare wa kowa. Cuta ma haka take, ba ta san iyakar gona ba. Ta durƙusar da kiwon salmon a Cile daga 2007. Wata kuma ta ɓulla a gonakin jatan lande na Sin a 2009, ta bi ta Biyetnam da Maleshiya ta isa Tailan, kuma sai a 2013 ɗakin binciken Donald Lightner a jami'ar Arizona ya tabbatar da ƙwayar da ke haddasa ta. Shekara huɗu manoma suna zuba magani a kan abin da ba su san ko mene ne ba.

Norwe ta gwada ɗaure faɗaɗar kiwo da awo kai tsaye. Tun 2017 ta raba gaɓarta yanki 13, ana ƙiyasta yawan 'ya'yan salmon na daji da kwarkwatar ruwa daga kejin kiwo ke kashewa. Yankin da asarar ba ta kai kashi 10 ba yana iya ƙara kiwo da kashi 6. Wanda ta wuce kashi 30, a rage masa kashi 6. Masu gonaki sun kai ƙara kotu, masu kare muhalli kuma suna cewa ma'auni ɗaya ya yi kaɗan, kuma kowanne yana da abin faɗa. Amma a ganina ginshiƙin tsarin daidai yake: an amince da abin da za a yi kafin a ga sakamakon awon.

Wannan shi ne maganin kafa ta biyu, ta masu yanke hukunci. Tunar gabashin Atilantika da Bahar Rum ta nuna shi. A 2007 masana sun ce kada a wuce tan 15,000, ƙasashen da ke cikin ICCAT, hukumar da ke kula da kamun tuna a Atilantika, suka sa kusan ninki biyu, abin da aka kama a zahiri kuma an ƙiyasta ya kai wajen 60,000. Da matsin lamba ya yi yawa, aka sauko da adadin zuwa 12,900 a 2011, aka tsananta sa ido, aka hana kama ƙanana. Kifin ya farfaɗo, har adadin 2023 ya haura 40,000. A 2022 hukumar ta karɓi tsarin da takwararta mai kula da tunar kudu ta fara tun 2011: a rubuta ƙa'ida tun da wuri, cewa idan ma'auni ya hau kaza za a ƙara kaza, idan ya sauka kaza za a rage kaza, a gwada ƙa'idar a kwamfuta a kan dubban yanayi, har da yanayin da awon kansa ya yi kuskure, sannan a bar ta ta yi aiki. Aikin masani a nan ya sauya. Maimakon ya yi alkawarin adadin da ba zai taɓa sani daidai ba, yana neman dokar da ba za ta kai mutane rami ba ko da lissafinsa ya karkace.

Akwai inda ko wannan ba ya kaiwa. Wajen 2007 kifin makarel na arewa maso gabashin Atilantika ya fara kwararowa ruwan Aislan da yawa, inda a da ba a cika ganinsa ba. Aislan da tsibiran Faro suka ce tunda a ruwansu yake kiwo, suna da rabo. Norwe da Tarayyar Turai suka ce rabon ya daɗe da kasuwa. Dukansu suna karɓar shawarar ICES a kan jimillar da ta dace, babu mai cewa lissafin ƙarya ne. Sai dai kowa yana yanka wa kansa kason da yake ganin ya cancanta, idan aka tara sai ya wuce 100 bisa 100, shekara bayan shekara. Da ɗumamar teku ke tura kifaye da yawa zuwa wuraren da suka fi sanyi, suna tsallaka iyakokin ruwan ƙasashe na mil 200 daga gaɓa da aka shata lokacin da suke wani wuri, irin wannan taƙaddama za ta ƙaru, kuma yawancin yarjejeniyoyin rabon da ake da su ba su tanadi abin da za a yi idan kifin ya tashi ba.